Waiwaye: Kadojin Tafkin Tila

Mu da muka tashi a Mubi, ruwa mai tafiya muka sani. Yadzaram ya gangaro daga duwatsun Mandara, ya ratsa gari, ya nufi arewa, da rani kuma ya bar mana yashi. Shi ya sa labarin Tila ya kan kama mu muna yara, idan fatake suka dawo daga Biu ta Garkida da Gombi, suka baje shi a zaure bayan isha'i.

Tila ruwa ne a zaune, a cikin bakin wani dutse mai aman wuta da ya daɗe da mutuwa, a kan tudun Biu. Sai ka hau tukuna ka hango shi can ƙasa, a kewaye kamar akushi. Amma ba ruwan ne ke hana mu barci ba, kadojin ne. Babur da Bura na wajen sun ce kowane kada yana riƙe da kurwar wani mutum. In kada ya mutu, sai a kasa kunne, don za a ji kuka daga wani gida. Wasu ma suna danganta manyan cikinsu da zuriyar Yamtarawala, wanda ya kafa sarautar Biu wajajen 1535. To wa zai jefi kada, alhali bai san ko kawunsa yake jifa ba? Ba tarko, ba mashi, kuma ba dogarin da aka ajiye yana gadi.

Yau jikokinmu za su ce camfi ne, kuma ba su yi ƙarya ba, rai a hannun Allah yake. Sai dai abin da babba ya hango a zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Tsoron nan shi ya tsare ruwan da abin da ke cikinsa. Mun tuɓe tsoron, ba mu sa komai a gurbinsa ba.

Ku leƙa gadar Yadzaram da rani: tifa na kwasar yashi, leda ta cika gaɓa. A Yola ma, tafkin Njuwa da Bata suke bikin su a cikinsa, laka ta cinye shi har bikin ya yi shekaru a kwance. Yaran unguwarmu da na tambaya, babu wanda ya taɓa jin sunan Tila.