Wa Ya Ce Turanci Shi Ne Ilimi?

Maganar da muka kawo a wannan fitowa ba za ta yi wa wasu daɗi ba, amma ta shafi 'ya'yanmu na aji ɗaya zuwa aji uku a firamare, waɗanda ba su da bakin yin ta da kansu.

A watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilimi, Dokta Tunji Alausa, ya ba da sanarwa cewa gwamnatin tarayya ta soke tsarin koyarwa da harshen uwa, wanda aka amince da shi a 2022 zamanin Malam Adamu Adamu, kuma Turanci ne zai zama harshen koyarwa tun daga ajin farko har jami'a. Hujjarsa ita ce yawan faɗuwar ɗalibai a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB a yankunan da suka rungumi harshen gida. Mun ji wasu dattawa a ikilisiyoyinmu suna tafa wa wannan hukunci. A ganinsu an raba mu da danniyar Hausa ke nan. Tsoron nasu yana da tushe, domin duk inda takarda ta ce a koyar da "harshen yankin", ma'aikacin ofis yakan zaɓi Hausa ya manta da Jju da Tyap da Zaar da Tangale da Bura. Amma wanda ya guje wa Hausa ya miƙa ɗansa mai shekara shida ga harshen da bai taɓa ji a gida ko kasuwa ko majami'a ba, bai cece shi daga komai ba.

Mu fara da hujjar Minista. Ɗalibin da ya zauna jarrabawar WAEC a 2025 ya gama aji shida na firamare a wajejen 2019, shekara uku kafin a sa hannu a tsarin 2022. Ta yaya tsarin da bai riske shi ba zai kā da shi? Tun 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta ce a fara koyar da yaro da harshensa ko na yankinsa, amma ku tambayi kowane hedimasta a ƙauyukanmu littattafai nawa na yare aka taɓa kawo masa, malamai nawa aka horar. An ɗora laifi a kan maganin da ba a taɓa bai wa mara lafiya ya sha ba.

Sa'an nan, wa zai koyar da Turancin? A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, ta ce 21,780 ba su kai maki 75 cikin ɗari ba, ta sallame su. Ana iya gardama a kan yadda aka yi korar, kuma da yawa cikinsu 'yan ikilisiyoyinmu ne. Amma adadin yana nuna mana hannun da aka danƙa wa alli. Idan aka umarci malami irin wannan ya koyar da lissafi da kimiyya da Turanci zalla, abin da zai faru kowa ya san shi. Zai rubuta a allo, ya karanta, yara su amsa da ƙarfi, su kwafe a littafi, a tashi. Yaro ya kai aji biyar yana iya jero jihohi 36 da manyan biranensu kamar waƙa, a ba shi wasiƙa mai layi huɗu ya tsaya yana kallon takarda.

Karatu sau ɗaya ake koyonsa a rayuwa. Yaro yana gane cewa wannan baƙi da wancan wasali su ne sautin da ke bakinsa, ya haɗa su, sai ga kalmar da ya sani: ruwa, gona, akuya. Ranar da ya gane haka ƙofa ta buɗe, kuma da wannan iyawar zai shiga Turanci daga baya. Rubutun Hausa da na yarukanmu yana bin sauti kusan ɗaya bayan ɗaya, na Turanci kuwa harafi ɗaya yakan yi sauti uku ko huɗu. Wanda aka fara masa da Turanci an haɗa masa kaya biyu lokaci guda, koyon karatu da koyon baƙon harshe, yawanci kuma yakan zubar da duka biyun.

An gwada wannan a ƙasar nan. Daga 1970, a Ile-Ife, Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa sun koyar da wasu yara da Yarabanci shekara shida na firamare, Turanci yana matsayin darasi guda a hannun ƙwararren malami. Yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, sun kuma fi su fahimtar sauran darussa. A jihohin Bauchi da Sakkwato, shirin Mu Karanta da Amurka ta tallafa wa daga 2015 ya bi hanya makamanciyar wannan da Hausa a ƙananan azuzuwa.

Mu kuwa ba mu da bukatar zuwa Ife neman shaida. Kakanninmu da yaya suka koyi karatu? An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya jagoranta. A 1934 aka buɗe Gindiri domin horar da malamai da masu bishara. A ajin baftisma, ƙarƙashin itace, manomi ɗan shekara arba'in yakan koyi baƙi da wasali a harshen da yake ji, ya karanta nassi a sujada, ya rubuta wa ɗansa wasiƙa. 'Ya'yan waɗannan mutane ne suka zama malamai da nas-nas da akawuna da hafsoshin soja, kuma Turancinsu bai ba kowa kunya ba. Yau jikokinsu sun shekara shida a aji, ba su iya karanta littafin waƙoƙi ba sai waƙar da suka haddace.

Nan ne maganar ta dawo harabar majami'unmu. Kusan kowace babbar ikilisiya ta buɗe makarantar nasare da firamare, kuma da yawa cikinsu sun riga Minista yanke wannan hukunci. Akwai inda ake cin yaro tara ko a sa shi durƙuso don ya yi "banakula", wato don ya yi yaren da mahaifiyarsa ke yi masa addu'a da shi. Ana ɗora wa ɗan aji ɗaya jaka cike da littattafan da iyaye suka saya da kuɗin masara, ana ɗinka wa 'yan nasare rigar yaye ɗalibai, a yi hoto, a ci shinkafa. Malamar ajin kuwa takardar sakandare gare ta, alhali NCE ce mafi ƙanƙantar shaidar koyarwa a ƙasar nan, kuma albashinta bai kusanci naira 70,000 da dokar 2024 ta yanka a matsayin mafi ƙarancin albashi ba. Kwamitin makaranta ya san wannan. Idan makarantar ta zama hanyar cike giɓin baiko ne, a faɗa wa iyaye gaskiya.

Ba mu ce a bar Turanci ba. Da shi ake jarrabawa, da shi ake neman aiki, kuma ɗan tsiraru ya fi kowa bukatarsa. A koyar da shi kowace rana tun daga aji ɗaya, a fara da ji da magana, a ba shi malami mafi iyawa a makarantar. Amma karatu da bayanin lissafi a shekara ukun farko su kasance cikin harshen da yaran ajin suke ji. Inda yare ɗaya ne a ƙauye, a yi da shi. Cibiyar Fassarar Littafi Mai Tsarki ta Najeriya da ke Jos da kwamitocin fassara na yarukanmu sun daɗe da tsara rubutun da yawa daga cikinsu, har da littattafan koyon karatu da ke kwance a akwatunan fastoci. Inda yara suka gauraya kuma Hausa ce ta haɗa su a filin wasa, a yi da Hausa ba tare da jin kunya ba. Da ita muke sujada, da ita kuke karanta wannan takarda.

Makarantun gwamnati kuma, inda yawancin 'ya'yan talakawanmu suke, suna hannun jihohi da ƙananan hukumomi ne, ta hukumar SUBEB da ofishin ilimi na yanki. Shugabannin ƙungiyarmu da ke zuwa gaisuwa gidan gwamna su tafi da wannan bukata a rubuce. Dattawa su shiga kwamitin kula da makarantar ƙauyensu, su san ranar da malami ya zo da ranar da bai zo ba.

Kafin taron majalisar dattawa na gaba, muna roƙon kowace ikilisiya ta tara yaranta na aji uku bayan makarantar Lahadi, a ba kowane ɗaya gajeren labari na layi biyar wanda bai taɓa gani ba, a harshen da yake ji, ya karanta, a yi masa tambaya biyu a kai. A rubuta nawa suka iya, nawa suka kāsa, da makarantar da kowane yake zuwa, a aiko wa sakataren ƙungiya. Za mu buga sakamakon a fitowa ta gaba.