Kafin A Yi Wa Rana Labule, A Tambayi Mai Gona

Akwai wata magana da masana da manyan ƙasashe suka daɗe suna yi a tsakaninsu, wadda har yanzu ba ta iso majami'unmu da kasuwanninmu ba, ga shi kuwa ta shafi tukunyar kowane gida. Maganar ita ce: tun da duniya tana ta ƙara zafi, an kuma kasa rage hayaƙin da yake jawo zafin, me zai hana a yi wa rana labule? Wani zai ji kamar tatsuniya, amma ana zuba kuɗi a kai. A 2025 wata hukumar bincike ta gwamnatin Birtaniya ta ware kusan fam miliyan 57 domin nazarin hanyoyin sanyaya duniya, har da ƙananan gwaje-gwaje a fili.

Dutse ne ya koya wa mutane wannan dabara. A watan Yuni na 1991 dutsen Pinatubo na ƙasar Filifin ya yi aman wuta, ya watsa hayaƙin farar wuta wajen tan miliyan 15 can ƙololuwar sararin sama. Farar wutar nan ita ce masu karanta Littafi Mai Tsarki suka sani da sunan ƙibiritu. Hayaƙin ya zama wani siririn hazo, ya zagaye duniya, yana mai da kaɗan daga hasken rana baya, sai zafin duniya ya sauka da kusan rabin digiri na shekara ɗaya zuwa biyu. Duk wanda ya ga yadda hazon hunturu yake dushe rana ya riga ya gane abin. A 2006 Paul Crutzen, masanin da ya sami lambar Nobel saboda aikinsa a kan sararin sama, ya rubuta cewa ya kamata a yi nazarin yin wannan da gangan. Shirin da aka fi magana a kansa shi ne jiragen sama su riƙa tashi wajen kilomita 20 suna feshin farar wuta, shekara da shekaru.

Masu wannan tunani ba mahaukata ba ne, kada mu ɗauke su haka. Shekarar 2024 ta zarce dukan shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka fara aunawa, a watan Afrilunta kuwa zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, tsofaffi da marasa lafiya da dama suka mutu a Bamako. Mu ma mun san yadda bazara ta koma. Wanda ya ce yana neman hanyar kawo sauƙi ya cancanci a saurare shi.

Wasu cikinmu za su ce a rufe maganar nan take, gama wannan gasa ce da Allah, irin ta masu ginin hasumiyar Babila. Muna girmama wannan tsoro, amma ba a nan muka tsaya ba. Mun tare kogi mun yi madatsar ruwa, muna noman rani, muna yi wa 'ya'yanmu rigakafi, ba mu kuwa ɗauki ko ɗaya a kan saɓo ba. Mahalicci ya ba mutum hankali, ya sa shi cikin gona domin ya nome ta ya kuma kiyaye ta. Abin da ya dame mu shi ne hakkin maƙwabci. Sararin sama ɗaya ne, ba shi da shinge. Wanda ya taɓa shi a ƙasarsa ya taɓa daminar wanda bai taɓa jin sunansa ba.

Wannan kuwa ya riga ya faru da mu. Mu da muka haura shekara hamsin mun tuna da 1984, iyayenmu kuma sun ba mu labarin 1973: rumbuna wayam, shanu suna faɗuwa a bakin rijiya, magidanta sun tafi cin rani wasu ba su sake dawowa ba. A lokacin, laifin a kanmu aka ɗora. An ce mun sare itatuwa, an ce dabbobinmu sun cinye ciyawa har hamada ta matso. Daga baya bincike ya nuna cewa sauyin zafin teku ne babban dalili, cikin abubuwan da suka jawo shi kuwa har da hayaƙin farar wuta na masana'antun Turai da Amurka ta Arewa. Ga yadda abin yake: hadarin da yake kawo mana damina yana tasowa ne daga kudu, yana bin ɓangaren duniya da ya fi ɗumi. In aka sanyaya rabin duniya na arewa fiye da na kudu, sai hadarin ya tsaya can ƙasa, bai iso Katsina da Maraɗi da Damagaram yadda ya saba ba. A 1982 ma dutsen El Chichón na Meziko ya yi aman wuta a wannan ɓangare na arewa, farin 1983 da 1984 ya biyo baya. Masu masana'antun nan ba su yi niyyar hana mu ruwa ba, ba su ma san suna yi ba. To, yanzu ana so a ɗauki wannan farar wuta ɗin a watsa ta da gangan.

A 2013 Jim Haywood da abokan aikinsa na hukumar kula da yanayi ta Birtaniya sun gwada abin a kwamfuta. Sun ga cewa in aka yi feshin a arewacin duniya kaɗai, yankinmu na Sahel zai faɗa cikin fari. In aka yi shi a kudu kaɗai, mu za mu sami ruwa, amma arewa maso gabashin Brazil zai iya rasawa. Wannan kashi na biyu ya kamata ya tsaya mana a rai. Da a ce an zo an yi mana tayin damina mai albarka, amma daga gonar wani talaka a ƙetaren teku za a ɗebo ta, za mu karɓa? Mai bi ba shi da iznin cewa i, ko da rumbunsa ba kome.

Masu goyon bayan shirin suna amsawa cewa ai za a raba feshin daidai tsakanin arewa da kudu, gwajin kwamfuta kuma ya nuna hakan yana rage ɓarna sosai. Mun ji. Amma wa zai riƙe mudun? Ƙasar da take da jiragen da kuɗin ita za ta auna, in kuwa manomanta suka yi kuka za ta gyara awon domin su. Kuɗin ma ba shi da yawa in aka gwada da arzikin manyan ƙasashe, wasu masana sun ƙiyasta 'yan biliyoyin dala a shekara a farkon aikin, wato ƙasa guda tana iya farawa ita kaɗai.

Babu wata doka mai haƙori da za ta hana ta. A 2010, a taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan kare halittu a Nagoya ta Japan, an amince a dakata da irin waɗannan ayyuka, sai dai ƙananan bincike, amma shawara ce ba tilas ba, Amurka kuma ba ta cikin wannan yarjejeniya. Akwai yarjejeniyar 1977 da ta hana amfani da yanayi a matsayin makami, amma maganar yaƙi da gaba kawai ta yi. A 2019 da kuma 2024 ƙasar Suwizalan ta kawo ƙuduri gaban taron muhalli na Majalisar Ɗinkin Duniya a Nairobi, duka biyun aka watse ba a daidaita ba. A cikin wannan giɓi ne wani ƙaramin kamfanin Amurka mai suna Make Sunsets ya saki balan-balan ɗauke da farar wuta a Meziko a 2022 ba tare da neman izini ba, ya kuma shiga sayar wa mutane takardun shaidar sanyaya duniya a kan dala 10 kowane giram. Abin da ya saki bai kai ya canza kome ba, amma gwamnatin Meziko ta sanar a Janairun 2023 cewa za ta haramta irin wannan gwaji. Kafin nan, a 2021, masanan Jami'ar Harvard sun shirya gwajin balan-balan a Kiruna ta ƙasar Suwidin, sai majalisar Sami, wata ƙaramar al'umma ta makiyaya da masunta a can arewa mai ƙanƙara, ta ƙi amincewa. Aka fasa, a 2024 kuma aka rufe shirin. Mu da muka san zaman tsiraru, muka san yadda ake yanke shawara a kanka sai dai ka ji a bakin wani, mun gane abin da ya motsa mutanen nan.

A ce an fara, shekara uku baya damina ta ƙi. Wace kotu manomin gero zai je? Masu feshin za su ce ai dā ma ana fari, ba kuwa mai iya tabbatar da cewa ƙarya suke yi. Maƙwabtan ƙasashe da suke zaman doya da manja kuma, kowace ambaliya za ta zama dalilin zargi.

Sai kuma maganar dainawa. Farar wutar tana sauka cikin shekara ɗaya ko biyu, iskar kabon da take riƙe zafi kuwa tana daɗewa ɗaruruwan shekaru. Labulen yana ɓoye zafin ne kawai, bai taɓa tushen ba, bai kuma hana ruwan teku yin tsami ba. In aka yi shekara talatin ana feshi alhali hayaƙi yana ƙaruwa, sa'an nan yaƙi ko talauci ya tsai da jiragen, zafin da aka danne zai taso cikin 'yan shekaru, da saurin da amfanin gona da dabbobi ba za su iya bi ba. Wato ana so mu ɗaura wa jikokinmu aikin da ba su da ikon ajiyewa. Ƙasashe masu arziki sun yi alkawari a 2009 za su riƙa ba da dala biliyan 100 kowace shekara daga 2020 domin taimakon ƙasashe matalauta kan sauyin yanayi, amma ko a lissafinsu sai 2022 suka cika. Waɗannan ne za mu amince su riƙe alkawarin shekara ɗari?

A wurin koyar da masu neman baftisma mukan ce tuba ita ce juyowa daga abin da kake yi. Duk nahiyar Afirka ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na hayaƙin duniya ba. Tsoronmu shi ne labulen nan ya zama wa masu fitar da sauran hujjar ci gaba da halinsu, su rufe gyambo da tsumma ba su wanke shi ba.

Saboda haka muna tare da ministocin muhalli na Afirka, waɗanda a taronsu na Addis Ababa a 2023 suka nemi a kafa tsarin duniya na hana amfani da wannan dabara, matsayin da wakilan Afirka suka kai Nairobi a 2024. Sai dai ƙin yarda ba ya nufin zama cikin duhu. Akwai masanan Afirka ta Yamma, har da na Benin da Gana da Nijeriya, da suke gwada abin a kwamfuta domin su ga abin da zai yi wa daminarmu, da tallafin wata ƙungiya mai suna Degrees Initiative. Wannan aiki muna so ya ƙaru, muna kuma so gwamnatocinmu su sa nasu kuɗin a ciki, domin in an zauna teburin shawara mu je da lissafin kanmu. Matasanmu masu karatun kimiyya su lura da wannan fage.

Muna roƙon fastoci da dattawa su kuma tsare ikkilisiyoyinsu daga jita-jita. Farin layin da ake gani bayan jirgin sama tururi ne da ya daskare, babu wata ƙasa da aka san ta fara wannan feshi. Amma idan ɗan majalisa ya zo gaisuwa, ko aka zauna taron zaman lafiya da 'yan'uwanmu Musulmi, waɗanda gonakinsu suke jingine da namu suna jiran hadari ɗaya, a sa wannan tambaya cikin jerin tambayoyi: mene ne matsayin ƙasarmu a kan yi wa rana labule, wane ne kuma yake magana da sunanmu a Nairobi?