Koyar da Ingilishi a Sifen: wa ake yi wa wayo?



Akwai wata talla da ke yawo a WhatsApp da Facebook: wai ana neman malaman Ingilishi a Sifen, Meziko da Kolombiya, albashi mai tsoka, gida kyauta, kai dai ka aiko "kuɗin dosiye". Ƙannenmu ake hari, waɗanda suka gama lisansin Ingilishi a jami'ar André Salifou ko ta Abdou Moumouni a Yamai, ga difloma a hannu, ga zaman fada da shayi tun safe. Ni kam ina faɗi da babbar murya: wannan damfara ce, kuma masu tura tallar gaba suna da kamasho a cikin zunubin.

Gaskiya ne ƙasashen da ke magana da Sifaniyanci suna ɗaukar malaman Ingilishi. To amma su wa suke ɗauka? Ma'aikatar ilimi ta Sifen tana da tsarin da take kira auxiliares de conversación, na mataimakan malamai a lakkol. 'Yan ƙasashen da ta yi yarjejeniya da su take kira, irin su Amurka, Kanada, Ingila da Ostareliya. Nijar ba ta cikin jerin na Ingilishi. Ka ga tun kafin a ji bakinka an duba fasfonka. Kuma neman shiga tsarin kyauta ne, ba a biyan ko dala.

Makarantu masu zaman kansu kuwa, galibi shaidar koyarwa suke tambaya, kamar CELTA ta Cambridge, horon awa 120 da ake koyar da ɗalibai a gaban masu dubawa. Idan ma sun yarda da kai, mai makarantar ne zai fara nemo maka izinin aiki daga hukumomin Sifen, sannan kai ka je ambasad a Yamai da ƙafarka neman biza. Ina dillali a cikin wannan hanya? Meziko da Kolombiya su ma sai da biza, kuma babu jirgin da ke tashi daga Yamai ya kai ka can kai tsaye. Ka lissafa da kanka: Yuro ɗaya sefa 656 ne. Gona nawa tsoho zai sayar kafin ka tsaya gaban allo?

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne abin da ke biyo baya. In biza ta ƙi, sai dillali ya ce akwai hanyar ƙasa ta Agadas. Mu 'yan jihar nan mun san wannan hanya. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara daga Kance. Hamada ba ta tambayar difloma.

Sai dai kar manya su tafa mini tukuna, don su ma da laifinsu. Yaro ba ya gudun gida haka kawai. Kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya ce Ingilishi da Faransanci su ne harsunan aiki. Madalla. To wa zai koya wa ma'aikata Ingilishin? Wa zai koya wa 'yan kolej na Mirya, Tanut da Gure? Wa zai taimaki ɗan kasuwarmu da ke zuwa Kano da Legas ya karanta takardun kayansa? Bukata tana nan jibge, amma ɗan kwantaragi yana shekaru a aji yana jiran a ɗauke shi aikin gwamnati, ɗan abin da ake ba shi ma wani lokaci sai ya makara. Wanda ka bari da yunwa, kar ka yi mamaki in ɗan damfara ya riga ka zuwa gare shi.

Saboda haka kirana biyu ne. Hukuma ta ɗauki malaman Ingilishi aiki na dindindin, ta biya su a kan lokaci. Kai kuma ƙanena, in kana son fita, fita ta ƙofa: ka nemi shaidar gaske, ka fara koyon Sifaniyanci, ka ga takardar aiki da idonka, ka tabbatar da ita a ambasad. Duk wanda ya ce ka aiko kuɗi ta waya kafin wannan, toshe lambarsa, ka kuma gaya wa abokanka na fada.

Allah Ya ba matasanmu abin yi na halal. Amin.