Hoton gini shaida ne: Makka da Madina a idon masu hoto na farko

Kwanan baya na nuna wa wani dattijo hoton Masallacin Harami na da a wayata. Ya daɗe yana dubawa, sa'an nan ya ce in ban da Ka'aba bai gane komai ba. Alhali kuwa sau biyu ya sauke farali.

Mai wannan hoto shi ne Muhammad Sadiƙ Bey, hafsan sojan Masar. A 1861 ya ɗauki hoton Madina, a 1880 kuma ya bi ayarin alhazan Masar ya ɗauki na Makka. Aiki ne mai wuya a wancan zamani: akwati ne a kan ƙafafu, da faranta na gilashi da ake shafa wa magani, ga zafin Hijaz, ga tafiyar raƙumi. Bayansa sai Sayyid Abdulgaffar, likita ɗan Makka, wanda hotunansa suka fito a Turai a 1889 cikin littafin Snouck Hurgronje, mutumin Holan. Littafin da sunan Bature ya fito, likitan kuwa aka daɗe ba a san shi ba. Wannan ya tsaya mini a rai.

Na san cikin malamanmu akwai masu ƙyamar hoto, ban kuwa isa in yi jayayya da su ba. Amma saɓanin a kan mai rai yake, ba a kan dutse da ginshiƙi ba. Ni a ganina hoton gini shaida ne, shaida kuwa ba a wulaƙanta ta.

Ku dubi abin da waɗannan hotuna suka riƙe mana. Ga rumfunan Usmaniyya da ƙananan ƙubbobinsu. Ga muƙaman mazhabobi huɗu kewaye da Ka'aba, har da na Malikiyya, inda limamin mazhabarmu yake tsayawa. A nan ne kakanninmu da suka taka da ƙafa, suka ƙetare Bahar Maliya daga Sawakin, suke neman sahu. An ɗauke muƙaman domin a faɗaɗa wurin ɗawafi, kuma hujja ce mai ƙarfi, don jama'a ta yawaita. Sai dai wanda ya karanta labarinsu a littafi yau ba shi da inda zai gan su sai a hoto.

Haka ganuwar Ajyad da ke bisa dutse tana kallon Harami. An rushe ta a 2002, har da dutsen da take kai, a wurin ne dogon benen agogo yake tsaye yanzu.