Asibiti Cikin Waya, Amma Ba Ga Kowa Ba

A ƙasar Amurka, idan aka sallami marar lafiya daga asibiti, sau da yawa akan haɗa shi da wata 'yar takarda mai lambobin sirri, a ce ya je gida ya buɗe shafinsa a intanet. A nan zai ga sakamakon gwajin jininsa, a nan zai nemi ranar ganin likita, a nan kuma zai aika da tambaya idan magani ya ƙi karɓarsa. Wanda ya fi shahara cikin irin waɗannan shafuna shi ne MyChart, na kamfanin Epic.

Asalin abin kuwa wata doka ce ta 2009, zamanin Shugaba Obama, wadda ta sa gwamnati ta zuba biliyoyin dala domin asibitoci su bar fayil na takarda su koma kwamfuta. Daga watan Afrilu na 2021 kuma aka hana asibiti riƙe wa marar lafiya bayanansa ba tare da dalili ba, har ya zama wani kan ga sakamakonsa tun likita bai duba ba.

Abin ya yi kyau, babu shakka. Amma fa ranar nan ba kowane gida ta leƙa ba, balle kowa ya yi shanya. Mai karatu ya ɗauki mutum biyu masu ciwon sukari, gado kusa da gado, aka sallame su rana ɗaya. Na farko ma'aikacin ofis ne, wayarsa ta zamani, intanet har ɗakin kwana. Da magariba ya ga sukarinsa ya hau, ya rubuta, kashegari an sake masa magani. Ta biyu tsohuwa ce mai zaman kanta a ƙauye, idonta ya yi rauni, jikan da ke danna mata waya yana birni. Ko kuwa baƙuwa ce wadda Turanci bai zauna mata a baki ba. Ita sai ta buga waya ta yi ta jira, ko ta haƙura har ranar da aka sa mata, ciwo kuwa ba ya jiran rana. Abin takaicin shi ne, irin su tsohuwar nan su ne suka fi yawan jinya.

Annobar korona ta tona wannan asiri. A watan Maris na 2020 shirin Medicare, watau inshorar lafiyar tsofaffi, ya fara biyan kuɗin ganin likita ta bidiyo daga gida. Ba a daɗe ba sai da aka yarda da biyan na kiran waya zalla, domin tsofaffi da talakawa da yawa ba su da halin bidiyon. (Hukumomin asibitocin Nijeriya masu ɗokin mai da kome kan waya, ya kamata su karanta wannan sau biyu.)

Gwamnatin Amurka ta ɗan yunƙura. A ƙarshen 2021 ta kafa shirin rage wa masu ƙaramin ƙarfi dala 30 kowane wata daga kuɗin intanet, gidaje fiye da miliyan 23 suka shiga. Kuɗin ya ƙare, majalisa ba ta ƙara ba, aka rufe shirin a watan Yuni na 2024. Asibitoci kuwa ba su fasa miƙa wa mutane takardar lambobin sirrin ba.