Macijin Shuni da Haɗarin Dogaro da Launi

A kudu maso gabashin Amurka, musamman jihohin Jojiya da Florida, akwai wani maciji da aka raɗa wa suna da launin shuni. Fatarsa baƙa ce wuluk, idan rana ta haska ta sai ta riƙa sheƙi kamar rawani ɗan Kura da ya sha bugu. "Macijin shuni" shi ne sunan da ya dace da shi a Hausance. Ba shi da dafi, tsawonsa kan wuce mita 2, kuma yakan haɗiye wasu macizai, har da masu dafi. Sarar dazuzzuka da kamun da ake yi masa domin sayar wa masu kiwo a gida sun rage yawansa ƙwarai, har gwamnatin Amurka ta sa shi cikin dabbobin da doka ta kare a 1978. Tun 2010 masana suke sakin waɗanda aka ƙyanƙyashe a hannunsu cikin dajin Conecuh na jihar Alabama.

Abin da ya wajaba mazaunin Zangon Kumasi ya riƙe shi ne, babu wannan maciji a dazukan Afirka. Matashi kan ga bidiyon Ba'amurke ya rataya baƙin maciji a wuya, sai ya zaci duk baƙin maciji lafiyayye ne. Alhali wanda zai ci karo da shi a gonar koko ko a cikin kango a ƙasar Asante yana iya zama kumurci ko gamsheƙa, cikinsu kuwa har da mai fesa dafi a ido. Launi ba ya isa shaida. Gardawa ma, da suka gaji wasa da maciji kaka da kakanni, sukan duba siffar kai da kaurin jiki da ɗabi'a kafin su miƙa hannu.

Batun kiwo a gida kuwa, bai kamata a ƙarfafa shi ba. Kwaɗayin da ya kusa ƙarar da macijin shuni shi ne yake kwashe ƙaramar mesar nan mai dunƙulewa kamar ƙwallo daga Ghana da Togo da Benin zuwa kasuwannin Turai da Amurka, ko da yake yarjejeniyar CITES ta gindaya wa cinikin sharuɗɗa. Ɗalibin da yake son ya ƙare wa maciji kallo ya nufi gidan namun daji na Kumasi, wanda aka buɗe a 1957, ga shi nan dab da Kejetia.