A auna ƙasa kafin a yi gini

Gari yana cin gona. Inda aka shuka hatsi bara, bana an yanka filaye, an kafa duwatsun iyaka. Mai saye yana tambayar kuɗi, yana tambayar takarda. Ba ya tambayar abin da aka taɓa zuba wa ƙasar.

Ga abin da ya faru a Amurka, a jihar Karolina ta Arewa. Akwai wani babban lambun tuffa da ake kira lambun Barber. An yi shekara 80 ana nomansa, daga 1908 zuwa 1988. Da aka daina, sai aka yanka shi, mutane suka saya suka gina gidaje. A 1999 aka auna ruwan rijiyar wani gida, aka sami maganin ƙwari a ciki. Aka auna ƙasa, aka sami arsanik da dalma. Dole hukuma ta kawo motoci, ta kankare ƙasar tsakar gidaje 28, ta zuba sabuwa.

Daga ina gubar ta fito? Manoman da ne suka fesa ta da hannunsu. Tun 1892 ake amfani da wani magani a Amurka wanda aka haɗa da arsanik da dalma. Yana kashe tsutsar da ke huda tuffa. Kowace shekara a fesa, abin da ya ɗiga ya shiga ƙasa. Bayan yaƙin duniya na biyu aka koma ga DDT, a 1988 kuma aka hana tsohon maganin. Amma hani bai share ƙasa ba. Taki yana ruɓewa, kara yana ruɓewa. Arsanik da dalma ba su ruɓewa. Suna nan kwance a saman ƙasa, inda garma ke kai, ko bayan shekara 50.

Ba su da wari. Ido ba ya ganinsu. Shuka ma tana iya yin kyau a kansu.

Muddin wurin gona ne, mutum ya yi aiki ya tafi gida. In ya zama gida, a nan ake kwana, a nan ake daka, a nan jariri ke rarrafe yana sa hannu a baki. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, ya kasa riƙe karatu. Arsanik, in an daɗe ana haɗiyarsa, yana ɓata fata, yana kawo ciwon daji. Mutanen Zamfara sun ga abin da dalma ke yi. A 2010 ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gida ta kashe yara fiye da 400. Can ma, a Dareta da Bagega, sai da aka kankare ƙasar gidaje aka kai ta rami.

Awon ba wuya gare shi ba. Ma'aikaci yana fara tambayar tsofaffi: me aka noma nan, ina ake dama magani, ina ake zubar da gwangwaninsa? Wannan tambaya ta fi komi, don gubar ba ta bazu daidai ba. Inda ake damawa ta fi yawa. Sa'an nan ya ɗebi ƙasa wuri-wuri, ta sama dabam, ta ƙarƙashi dabam, ya ƙulle, ya rubuta, ya aika ɗakin awo. A jihar Washinton, inda lambunan tuffa suke da yawa, iyakar da aka sa ita ce giram 20 na arsanik, ko giram 250 na dalma, cikin tan ɗaya na ƙasa. Tan ɗaya buhu goma ke nan masu kilo 100. In an wuce haka, sai a kwashe ƙasar saman, ko a rufe ta da mai tsabta.

A Maraɗi da Damagaram da Tawa ba a yi lambun tuffa ba. Amma gonakin bakin gari suna shan bolar birni a matsayin taki, kuma cikin bola akwai matattun batura. Batirin mota cike yake da dalma. Ga wani abu kuma: a nan sau da yawa da ƙasar filin ake buga tubali, da ita ake yaɓe ɗaki.

Manomin da zai sayar da gona ya faɗi abin da ya sani game da ita. Mai saye ya tambaya, ya kai maganar ga ma'aikacin gona ko ofishin magajin gari tun ba a haƙa tushe ba. Makiyayi kuma ya kau da dabbobinsa daga tsohuwar bola, don saniya tana lasar batirin da ya fashe, ya kashe ta.